Dami Nawa Zai Kai Mu Sabuwar Kaka?

Duk wanda ya biyo hanyar Funtuwa zuwa Gusau a watan Nuwamba, da zarar ya wuce Mairuwa ya doshi Sheme, inda titin Ƙanƙara ya ɓalle ta hannun dama, zai tarar ƙasar gaba ɗaya ta koma mashanya. Rufin ɗakuna ya yi ja wur da barkono. Kowane falalen dutse an share shi an baza masara. A bayan gari mata na sheƙa, ƙaiƙayi na tashi yana bin mutum har cikin wuyan riga. Matafiyi ya leƙo ta tagar mota ya ce, "Kai, bana mutanen nan sun samu." Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Samu aikin damina ne, kuma a wannan ƙasa ta Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, inda ruwa ya fi na arewacin Katsina yawa, ƙasa kuma ta fi ƙarfi, ba a cika rasa shi ba. Abin da ke raba gida da gida shi ne riƙo. Wane ne zai ɗauki abin da ya girbe cikin mako shida ya shimfiɗa shi a kan wata goma sha biyu, bai bar wa gara ba, bai bar wa ɓera ba, bai kuma bar wa hannunsa ba?

A wajen kawuna na ga wannan sana'a, in ma sana'a za a ce da ita. Akwai Sarkin Noma, akwai Sarkin Maƙera, akwai Sarkin Fawa, amma ban taɓa jin an naɗa wa gwanin ajiyar hatsi rawani ba. Ma'aji kuwa dukiyar sarki yake tsaro. Gwanin rumbu ba a gane shi da kaka, lokacin da kowa ke cika baki. Sai watan Yuli, ruwa na zuba, hatsi ya yi tsada, maƙwabta sun fara aiken yara da kwano, shi kuwa ana jin luguden taɓarya a gidansa safe da yamma kamar ba a san da wata tsada ba.

Wata shekara na je masa hutu ana ɗaurin dawa. Na ga dammuna jibge a tsakar gida, ɗoki ya kama ni, na ce, "Kawu, ba yau za a zuba ba?" Bai tanka ba. Ya cusa hannu can tsakiyar dami ya zaro zangarniya ɗaya, ya murje ƙwaya huɗu a tafin hannunsa ya miƙo mini.

"Ciza, ɗan nan."

Na ciza.

"Me ka ji?"

Na ce dawa na ji. Ya yi dariya har sai da ya dafa bango. Sannan ya ciza tasa, ya tofo ta a hannu ya nuna mini: ƙwayar lotsewa ta yi, ba ta fashe ba. "Wadda ta bushe ƙas take yi, ta rabu biyu, ka ji ta har cikin kanka. Wannan da sauran ruwan damina a cikinta. In ka rufe ta yau, ka yi wa ƙwaro aure ke nan har da gara." Aka kwance dammunan aka sake baza su. Sai da suka ƙara kwana biyar a rana.

Nan ne tushen abin duka. Malaman gona suna cewa kada damshin da ke cikin ƙwayar hatsi ya wuce kashi 13 cikin 100 in ana son ta daɗe, kuma suna da na'urar awonsa. Haƙorin kawu bai san kashi ba, amma a wannan gaɓar yake tsayawa. Wasu kunne suke sawa: su damƙi masara su girgiza, busasshiya tana ƙara kamar tsakuwa a gwangwani, mai laima kuwa muryarta a dishe take. Akwai kuma dabarar da ma'aikatan gona ke koyarwa, mai sauƙi ƙwarai. A sami busasshiyar kwalba, a zuba hatsi da ɗan busasshen gishiri, a rufe a girgiza, a bar ta jim kaɗan. In gishirin ya manne a jikin kwalba, a mayar da hatsi shanya. Kuma ba ƙwaro kaɗai ake gudu ba. Masara ko gyaɗar da aka rufe da laima tana yin fumfuna, wani irin fumfunar kuwa yana barin guba da dafuwa ba ta kashewa, mai cin hanta a hankali, mai hana yara girma. Shi ya sa gwani ba ya baza masara a ƙasa tsirara in yana da tabarma ko tamfol, kuma ba ya barin ta kwana a waje raɓa ta sauka a kanta.

Shi rumbun kansa iri biyu ne. Akwai na zana ko na kara, mai saurin yi, mai shan iska, wanda ya dace da abin da za a cinye kafin ruwa ya sauka. Akwai kuma na ƙasa, wanda wasu ke kira rufewa, kuma shi ne ya fi ba ni mamaki. Ba a aza shi a ƙasa. Ana jera manyan duwatsu, a gicciya itace mai tauri a kansu, irin ƙirya da gara ba ta cika so ba, a yi daɓen laka a sama. Wannan ratar da aka bari a ƙarƙashi aiki uku take yi: laimar ƙasa ba ta hawa, iska na ratsawa, kaji kuma suna samun inuwa. Kajin ma'aikata ne da ba a biya, domin duk garar da ta fara gina hanya a jikin dutse su ke fara ganinta.

Ƙasar ginin ba a kwaɓa ta yau a yi aiki da ita yau. Ana cuɗa ta da ramno, a tattake da ƙafa, a yayyafa ruwa a bar ta ta kwana biyu ko uku ta tsumu, har ta yi danƙo. Ba tubali a ginin, ba katako, ba igiyar awo. Magini yana mulmula laka kamar gammo yana ɗorawa a kewaye, yana matsewa da yatsu, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, daidai yadda mai ginin tukunya ke yi. In ya hau kamu ɗaya ko biyu sai ya tsaya, rana ta busar, gobe ya ɗora. Mai gaggawa rumbunsa zaunawa yake yi tun kafin a kai wuya. A hankali cikin yana buɗewa, ya yi tumbi, sannan ya fara tsukewa har ya ƙare da baki wanda bai wuce mutum ɗaya ya zura ba. Ka tsaya kusa da shi ka ƙwanƙwasa, ka ji kaurin bangon bai kai tafin hannu ba, amma zai riƙe nauyin da jaki ashirin ba za su ɗauka ba. Siffar ce ke ɗaukar nauyin, kamar yadda ƙwai ke jure matsi. Maginin bai karanta wannan a ko'ina ba. Ya gani a hannun ubansa, ya kuma ga abin da ya sami rumbun wanda ya saɓa.

Daga nan sai yaɓe. Masu ƙwazo suna shafe waje da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, wanda ke sa bango ya yi duhu ya ƙi shan ruwa. A ƙarshe a ɗinka jinka da shuci a ƙasa, maza huɗu ko biyar su ɗaga ta su kifa masa kamar malafa. Jinka mai kyau takan zarce tumbin rumbu, don ruwan sama ya zuba nesa da gindi. Tsohon rumbu ma ba a zuba masa sabon hatsi haka nan. Sai an kwashe ragowar bara tas, an share, an liƙe duk wata tsaga, wasu har su kunna ɗan karmami a ciki hayaƙi ya kori abin da ya ɓuya. Da sabon gini gara yaɓe, in ji masu iya magana, amma yaɓen da aka yi a kan ƙwan ƙwaron bara bai tsinana komai ba.

Kuma a lura da inda aka sa ƙofa. A sama take, ƙarƙashin jinka. Ɓera ba ya samun ta da sauƙi, akuya ba ta kai wa, ɓarawo ba zai ɗiba a ɓoye ba. Na daɗe kafin na gane cewa har da masu gidan aka yi wa wannan ƙofa. Kafin a ɗebi hatsi sai an ɗauko tsani, an kira mutum biyu sun ɗaga jinka, an zura yaro a ciki yana miƙowa. Duk gidan ya sani, maƙwabta ma sun gani. Mutumin da aka zo wa da tallan sabuwar waya ko aka gayyace shi biki ba zai faki ido ya ɗebi tiya goma ya nufi kasuwa ba. Kafin ya gama neman tsani zuciyarsa ta huce.

Dawa da gero a zangarniyarsu ake zuba su, ba a sussuke ba. Duk ɗan makarantar allo ya san shawarar da Annabi Yusuf, alaihis salam, ya ba mutanen Masar game da shekaru bakwai na wadata: a bar hatsi a zangarniyarsa, a sussuke kaɗan na ci. Manomin ƙasar Hausa da wannan yake aiki har gobe. Ƙaiƙayin da ke rufe ƙwaya sulke ne, iska kuma na yawo tsakanin zangarniya da zangarniya, zafi ba ya taruwa. Mai jerawa yana shiga ciki da ƙafa, yana shimfiɗa su a kewaye, hawa bisa hawa, yana dannawa don kada a bar kogon da ɓera zai yi ɗaki. Wasu suna sa ganyen bedi tsakanin hawa da hawa, wasu barkono, wasu wani ɗanyen haki mai ƙarfin wari da ake samu a fadama. Gero da aka ajiye haka yakan shekara biyu, uku, a fito da shi a yi fura ba wanda ya ce uffan.

Amma kafin dami ɗaya ya shiga, akwai lissafi, kuma a nan ne ake gane maigida. Na farko zakka: cikin dami goma, ɗaya ba naka ba ne, in dai ruwan sama ya shayar da gonar kuma abin ya kai nisabi. A gona ake fitar da ita, tun ido bai saba da tarin ba. Na biyu iri. Tun dawa na tsaye kawu yake zagayawa yana zaɓen zangarniyar da ta fi cika, ya yanke ta daban. Masarar iri kuwa ba a ɓare ta. A kan kitse ɓawon a rataye ta a madafa inda hayaƙi ke bugunta kullum, ta yi baƙi ƙirin, ba ƙwaron da ke kusantarta. Sai abin da ya rage a raba shi da kwanaki. A ce gida mai mutum goma yana cin tiya biyu a rana. A shekara ya haura tiya 700, wato kusan buhu 18 in ana lissafin tiya 40 a buhu. Kawu ba da buhu yake lissafi ba, da dami yake yi, ya san dami ɗaya kwana nawa yake yi wa gidansa. Sannan ya ƙara na abin da ba a gayyata ba: matar ɗa tana da ciki, akwai suna, 'ya ta isa aure, azumi zai zo, ga kunu ga sadaka, ga baƙo, ga almajiri, ga 'yar'uwa da za ta zo da buhu a naɗe a hammata ba ta ce komai ba. Wanda bai sa waɗannan a lissafi ba, lissafinsa na gwauro ne.

A tsarin gandu na da, bayan an gama wannan sai a liƙe bakin babban rumbu da laka, a bar shi. Da rani samari su tafi cin rani, a rage bakuna a gida, waɗanda suka rage su ci daga ƙaramin rumbu da abin da sana'ar hannu ta kawo. Ba a fasa babban sai ruwan shuka ya sauka, lokacin da mai riƙe da garma ke bukatar tuwo mai nauyi, lokacin kuma da hatsi ya fi tsada. Mai hali yana da wani na uku, rumbun tsimi, wanda ba na bana ba ne sam. Na shekarar da ba a fata ne. Mutanen da suka gina wannan al'ada ba tsoron banza suke yi ba. Sun ji labarin Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914, daga bakin waɗanda suka tsira. An yi 'Yar Gusau a farkon shekarun 1940. An yi farin 1973, wanda har yanzu akwai masu tuna shi da idonsu. Wata baturiyar Ingila mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da birnin Katsina a 1967, kuma cikin abin da ta lura da shi har da wannan: talakan manomi yana sayar da hatsinsa da kaka lokacin da ya fi araha, ya dawo ya saye shi da damina lokacin da ya fi tsada, mai ƙarfi kuwa yana riƙewa. Shekara fiye da hamsin ke nan, amma je ka kasuwar Dandume a watan Disamba ka ga masu saukewa, ka koma a watan Yuli ka ga masu awo. Sau da yawa fuskokin ɗaya ne. Ba na zargin kowa. Mai bashin taki da kuɗin makaranta a wuya ba shi da zaɓi mai yawa. Sai dai na ga gidaje biyu masu gona ɗaya da nauyi ɗaya, ɗaya ya kai, ɗaya bai kai ba.

Masara ce ta zo ta dagula tsohon tsari. Kakanninmu sun san ta a matsayin abin bayan gida, a gasa a ci kafin gero ya nuna. A 1975 aka fara aikin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe, kuma ƙasar Faskari da Ƙanƙara na cikin inda ya shafa. Da takin zamani da sabon iri, masara ta mamaye gonakin dawa, har ta zama tuwon yau da kullum. Ta fi yawan amfani, ba musu. Amma ba ta da haƙurin dawa. Ƙwayarta a fili take da zarar an ɓare, ƙwaro yana biyo ta tun daga gona, ga shi yanzu inji ke casa ta a ɗure a buhu rana ɗaya. Buhu kuwa, siminti ko bango kan ba shi laima. Saboda haka sai gwanintar ta koma wani salo: a jera katako ko itace a ƙasa kafin a ɗora buhu, a bar rata tsakaninsa da bango yadda kyanwa za ta wuce, a riƙa shiga ana saurare. Eh, saurare. Ka sa kunne a jikin buhun da ƙwaro ya kama da tsakar dare, za ka ji ɗan ƙas-ƙas kamar ana tauna a nesa. Ka cusa hannu kuma ka ji ɗumi.

Wake ya fi kowa fitina. Ni kaina ya taɓa koya mini hankali. Wata kaka na sayi buhu guda da araha, na kai gidana a birni na jingine a lungu, ina ta yi wa kaina kirarin mai hangen nesa. Da azumi ya matso aka kwance za a yi ƙosai, sai ga gari na zuba, kowace ƙwaya da huji uku, ƙananan ƙwari na tashi kamar hayaƙi. Da na ba gwaggo labari, matar kawu, ba ta ko ɗago daga tankaɗen da take yi ba. "Ai kai ajiye shi ka yi, ba adana shi ka yi ba." Ƙwaron wake tun a gona yake saka ƙwai a jikin kwanso. Kana ɗaure buhu da shi a ciki, wata ɗaya ya haifi wani, na gaba ya haifi wani.

Ita gwaggo da toka take yaƙinta. Ta tankaɗe tokar murhu mai sanyi, ta cuɗa da wake kusan kwano da kwano, ta zuba a tulu, ta ƙara toka a sama ta danne, ta liƙe baki. Toka ta cike duk ratar da ƙwaro zai bi ya sami mata, ta kuma busar da shi. Wasu yashi mai laushi suke sawa. Da jarkokin man gyaɗa suka yawaita sai mata suka gano wata hanyar: a wanke jarka ta bushe sarai, a ɗura wake har wuya ana girgizawa, a sa leda a baki a murɗa murfi tam. Ba magani ko ɗigo. Ƙwaron da ke ciki ya shaƙe 'yar iskar da ta rage, ya mutu da kansa, ƙwansa ma bai kai labari ba. Sharaɗin ɗaya ne, kuma shi ne mai wuya: ba a buɗewa a leƙa. Wannan hikimar ce masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka gyara, bayan aikin da suka fara da manoman wake a arewacin Kamaru tun ƙarshen shekarun 1980, ta zama buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Daga 2007 aka shiga yaɗa shi a Afirka ta Yamma, ana kuma ƙera shi a Kano. Kowace leda daban ake ɗaure ta, bayan an matse iska an murɗe wuya an lanƙwasa. Kafin a zuba, gwani yakan hura ledar ya danna ya ji ko tana fitar da iska, domin huji ɗaya kamar na allura ya isa ya ɓata aikin.

Na tsaya a kan wannan ne saboda abin da ke maye gurbinsa in an yi kasala. Mutum ya ɗauko maganin feshin gona, ko na kashe sauro, ya yayyafa wa abin da 'ya'yansa za su ci. Ko ya jefa ƙwayar hayaƙin nan mai guba cikin buhu ya ajiye a ɗakin da ake kwana. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da ta samu a cikinsa. Su sun iya cewa ba sa so. Wanda aka dafa wa a gida ba shi da wurin gwaji sai cikinsa.

Rumbu na maigida ne, amma tuwo ba ya tafiya shi kaɗai, kuma duk abin da zai raka shi daga kaka zuwa kaka a hannun mata yake. Wannan ɓangaren ba ya tsaye a tsakar gida kowa na gani. Yana cikin tukwane da kwalla da ƙullin leda a ƙarƙashin gado. Kuɓewa a yanka ta ƙanana tun tana ɗanya shar, kafin ta yi ƙashi, a shanya, a bar ta a haka. Ba a daka ta sai ranar da za a kaɗa, don garin da ya daɗe yauƙinsa guduwa yake yi. Kuka a ɗebo ta kafin ganyen ya tsufa ya zube. A nan gwaggo ba ta da sassauci: a inuwa ake shanya kuka, a ɗaki mai iska ko ƙarƙashin rumfa. Wadda aka baza a rana takan koɗe ta yi ruwan ƙasa, miyarta ba ƙamshi ba kyan gani. Tata kuwa ko a watan Mayu ka buɗe kwalla, kore shar kamar jiya aka tsinko. Haka zogale, haka rama da yakuwa da karkashi. Barkono da tattasai su ne masu son rana tsantsa. Soɓorodo a ɓare shi a shanya, 'ya'yan kuma ba a zubarwa, da su ake daddawar batso. Tumatir nasa lokacin yana zuwa cikin hunturu, in na fadama ya cika kasuwa har ana rasa mai saye: a tsaga shi a shanya ya zama kauɗa, iskar hunturu ta yi rabin aikin.

Daddawa kuwa sai an yi mata zama na musamman. Kalwar tun bazara aka tara ta, lokacin da ɗorawa ta nuna, aka shanye garin aka adana ƙwayar. A dafa ta yini guda ko kwana, itace na ci, har ɓawon ya yi laushi. A zuba a turmi a surfa da ɗan yashi ko toka, a kai rafi ko bakin rijiya a wanke har ƙwayar ta fito fes. A sake dafawa, a tsane, a zuba a kwando ko masaki tun da zafinta, a rufe da ganye da tsumma a kai lungu. Kwana biyu zuwa uku ba mai taɓawa. Hanci ne ke ba da labari. In ta yi, a kirɓa, a mulmula a faɗaɗa, a shanya ta yi baƙi ta yi tauri. Abin da zai ruɓe cikin kwana biyu an bar shi ya ruɓa da gangan, daidai gwargwado, sannan aka tsayar da shi, ya zama abin da zai shekara. Duk dunƙulen da ake talla a rediyo bai hana matar da ta san miya neman ta ba.

Dabbobi ma da nasu rabon. Harawar wake da ta gyaɗa a ɗaure ta tun da sauran kore, a ɗora a kan rufi ko a cusa a reshen bishiya inda akuya ba ta kai wa. Kowar wake da dusa a buhu. Kara a jingine, na dafuwa da na danni. Ragon da za a sayar da babbar salla a wannan harawar yake, ko da ba a haife shi ba tukuna.

Ba zan yi kamar ban san halin da wannan ƙasa ta shiga ba. Sheme da Yankara da ƙauyukan Sabuwa da ke bakin daji sun ga abin da ba a so. Duniya ta ji sunan Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kwana. Manoma da yawa sun bar gonakin nesa, wasu sai sun biya kafin su girbe abin da suka shuka, an kuma ƙone rumbuna a garuruwa da dama. Rumbun da aka gina don ya tsaya a fili kowa ya gani, ganinsa ya zama haɗari. Sai mutane suka sake lissafi. A raba ajiya gida biyu ko uku: kaɗan a ƙauye, wani a ɗakin ɗan'uwa a Funtuwa ko cikin garin Faskari, wani a jarkoki da ba sa ɗaukar ido. A ƙarshen watan Agusta na 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, bayan 'yan kwanaki kuma aka katse layukan waya na tsawon watanni. A lokacin nan ba a iya kiran ɗa da ke Kaduna ko Legas a ce ya turo, ba a iya kai akuya kasuwa a auno. Ƙarshen damina ne kuwa, lokacin da ajiyar bara ke kan gargara. Gidan da ke da sauran dami a gindin rumbu da kwallar kuka da jarkar wake shi ya riƙe kansa, ya kuma riƙe na kusa da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Zuwana na ƙarshe, rumbunan kawu uku sun koma ɗaya. Sauran hatsin yana gari a buhuna. Na ce masa tunda haka ne me zai hana ya rushe wannan ma ya huta da yaɓe duk shekara. Yana kan tsani lokacin, jikansa na ciki yana karɓar dawa, ba a ganin komai nasa sai tafin hannu biyu da ke fitowa daga bakin rumbun.

"Wancan na buhu na kasuwa ne, ko na so ko ban so ba," in ji shi. "Wannan kuwa sai an nemo tsani."

Ya leƙa ciki. "Kai, danna gefen gabas, ka bar rami." Sannan ya juyo gare ni. "Tunda ka zo, kama mana jinkar nan. Ka riƙe ta ƙasa-ƙasa, kada ka zare mini shuci."